Masu Hayar Sunan Kamfani a Fagen Siyasar Amurka

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsa garuruwan Amurka a mota zai lura da wani abu guda. Kowane gari ya shiga, babba ko ƙarami, sunayen da zai gani a bakin hanya kusan iri ɗaya ne: gidan abinci na McDonald's ko na KFC, da masaukin baƙi na Holiday Inn, da filin sayar da motocin Ford ko Chevrolet. Baƙo zai ɗauka cewa waɗannan duka rassa ne na manyan kamfanonin da sunansu ke rataye a ƙofa. Alhali kuwa galibinsu ba haka suke ba. Mai gidan abincin nan mutumin garin ne, shi ya zuba jarinsa, shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke biyansu. Sunan kawai ya yi haya.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda irin waɗannan 'yan kasuwa suke shiga harkar siyasa a Amurka, da yadda suke taimakon 'yan takara, da abin da suke samu a madadin taimakon. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ƙarfinsu bai tsaya ga yawan kuɗinsu ba. Asalin ƙarfin yana ga matsayinsu: suna ɗauke da sunan babban kamfani, amma fuskarsu ta ɗan gari ce, kuma babu mazaɓar da ba su a cikinta.

2. Mene ne hayar suna?

Turawa suna kiran wannan tsari faranchayis. A nan za a kira shi hayar suna, a kira kamfanin da ya mallaki sunan uwar kamfani, shi kuwa wanda ya karɓi sunan a kira shi mai haya. Yadda abin yake shi ne, uwar kamfani takan ba mutum izinin ya yi ciniki da sunanta da alamarta da dabarun aikinta, a wani wuri da aka ƙayyade, har zuwa wasu shekaru. Shi kuma ya biya kuɗin shiga, sa'an nan ya riƙa ba da la'ada daga cinikin kowane wata. A wajen McDonald's, alal misali, yarjejeniyar takan kai shekara 20, la'adar kuwa kashi 4 ne ko 5 cikin ɗari na ciniki, ban da kuɗin hayar fili da kuɗin talla. A lura fa, daga ciniki ake cire la'ada, ba daga riba ba. Watau ko mai haya ya faɗi, uwar kamfani ta riga ta ɗauki rabonta. Wannan magana za ta yi amfani nan gaba.

Tsarin ya daɗe. A shekarar 1899 ne mai kamfanin Coca-Cola, Asa Candler, ya ba wasu lauyoyi biyu na garin Catanuga, Benjamin Thomas da Joseph Whitehead, izinin ɗura lemonsa a kwalba a kusan duk faɗin Amurka, a kan dala ɗaya tak. Su kuma suka riƙa yanka ƙasar gunduwa-gunduwa suna ba wasu. Bisa irin wannan yarjejeniya ce ma kamfanin da iyalin Leventis suka kafa a 1951 ya soma ɗura Coca-Cola a Legas a 1953. Masu ƙera motoci su ma tun farkon ƙarni na 20 suka zaɓi sayarwa ta hannun dillalai masu zaman kansu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai gidajen abinci da masaukai suka bi sahu. Ray Kroc ya buɗe gidan McDonald's nasa na farko a 1955 kusa da Shikago, a 1961 kuma ya saye kamfanin daga hannun 'yan'uwan nan biyu masu sunan a kan dala miliyan 2.7. Gidajen McDonald's a Amurka sun haura 13,000, kuma kimanin kashi 95 cikin ɗari suna hannun masu haya. Bisa ƙiyasin babbar ƙungiyar masu wannan sana'a, a 2024 wuraren ciniki masu hayar suna sun haura 800,000 a ƙasar, ma'aikatansu kuwa sun kusa miliyan 9.

Mai haya dai tamkar jemage yake, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba. Ba ma'aikacin kamfani ba ne, domin ba albashi yake karɓa ba, kuma in aka yi hasara tasa ce. Amma kuma ba cikakken mai cin gashin kansa ba ne, domin uwar kamfani ce ke faɗa masa abin da zai sayar, da inda zai sayo kaya, da rigar da yaransa za su sa. A samansa akwai wanda zai iya ƙwace sunan, a ƙarƙashinsa akwai ma'aikata masu neman ƙarin lada. Saboda haka yana da buƙata wurin masu yin doka ta fuska biyu.

3. Inda ƙarfinsu yake

Majalisar Wakilai ta Amurka tana da kujeru 435, kowace da mazaɓarta. Babban kamfani kamar Ford yana da hedkwata a wuri ɗaya, da masana'antu a wasu 'yan jihohi. Wakilan waɗannan wurare ne kawai za su ji zafi in wani abu ya taɓa shi. Amma dillalan sababbin motoci sun fi 16,000, kuma da wuya a sami mazaɓar da babu su. Haka masu gidajen abinci, haka masu masaukai.

Bugu da ƙari, a ƙaramin gari dillalin mota yakan kasance cikin manyan attajirai. Shi ke sayen talla a jaridar garin da gidan rediyonsa, shi ke saya wa ƙungiyar wasan yara riguna, shi ake gayyata in za a yi gidauniyar asibiti ko ta makaranta. Harajin ciniki da ake karɓa a kan motoci yana daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin jihohi da yawa. Ɗan majalisa zai iya ƙin ɗaukar wayar lauyan da kamfani ya turo daga Washinton, amma ba zai ƙi sauraron mutumin da suka yi makaranta tare ba, wanda ke da ma'aikata 200 a mazaɓarsa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Manyan kamfanoni sun daɗe da gane haka.

4. Hanyoyin da suke bi

Hanya ta farko ita ce ƙungiya. A 1917, lokacin da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, majalisa ta so ta ɗora wa motoci haraji irin na kayan alatu. Wasu dillalai suka taru suka tafi Washinton suka yi kamun ƙafa har aka rage harajin. Daga nan aka haifi ƙungiyar dillalan motoci ta ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da NADA. A 1960 kuma aka kafa ƙungiyar IFA, wadda William Rosenberg, mai kamfanin Dunkin' Donuts, na cikin waɗanda suka assasa ta. Abin lura shi ne, IFA ta iyayen kamfanoni ce tun asali, sai a 1993 ta buɗe ƙofa ga masu haya. Kowace shekara waɗannan ƙungiyoyi sukan kwaso membobinsu zuwa Washinton, a raba musu takardar buƙatu, kowa ya nufi ofishin wakilin mazaɓarsa.

Hanya ta biyu ita ce kuɗi. Tun 1907 doka ta hana kamfani ya ɗebi kuɗi daga baitulmalinsa ya ba ɗan takarar kujerar tarayya. Amma mutum shi kaɗai yana iya bayarwa, kuma kafin 1974 babu wani takunkumi mai ƙarfi. A zaɓen 1972 Ray Kroc ya ba Shugaba Nixon gudummawar kimanin dala 250,000. A daidai lokacin kuwa akwai shirin doka a gaban majalisa wanda zai ba da damar a biya 'yan shekara 16 da 17 ƙasa da mafi ƙarancin lada, wanda yake dala 1.60 a awa a sa'an nan. Da yake matasa ne galibin ma'aikatan gidajen abincin, sai 'yan adawa suka laƙaba wa shirin sunan McDonald's. Kroc ya musanta cewa akwai alaƙa tsakanin kyautar da shirin, kuma shirin bai zama doka a wannan siffa ba, amma zancen ya ɓata wa kamfanin suna.

Bayan abin kunyar Watergate sai majalisa ta gyara dokar zaɓe a 1974. Aka ƙayyade cewa mutum ba zai ba ɗan takara fiye da dala 1,000 a zaɓe guda ba, adadin da ya kai dala 3,300 a zaɓen 2024. Sa'an nan aka tabbatar da wani abu da ake kira PAC, watau asusun siyasa wanda kamfani ko ƙungiya za ta buɗe, jami'anta ko membobinta su riƙa zuba kuɗin aljihunsu, asusun kuma ya ba ɗan takara har dala 5,000 a kowane zaɓe. Wannan tsari ya yi wa masu hayar suna daidai, domin su jama'a ne masu yawa, kowane yana da abin hannunsa. Asusun dillalan motoci yakan kasance cikin manyan asusan ƙungiyoyin 'yan kasuwa, IFA kuma tana da nata mai suna FranPAC. Galibin kuɗin yana tafiya ga jam'iyyar Rifablikan, amma ba a mantawa da 'yan Dimokurat, musamman masu riƙe da kwamitoci. Dalilin kuwa a fili yake: abin da ake saye shi ne damar ganin wanda ke kan kujera, ko wace riga ya sa. A 2010 Kotun Ƙoli ta ƙara faɗaɗa ƙofar, inda ta yanke cewa kamfanoni da ƙungiyoyi suna iya kashe ko nawa ne a kan tallan siyasa, muddin ba su haɗa baki da ɗan takarar ba.

Hanya ta uku ita ce su tsaya takara da kansu. Mike Kelly, dillalin motoci a jihar Fensilbaniya, ya shiga Majalisar Wakilai a zaɓen 2010, bayan kamfanin General Motors ya yi yunƙurin karɓe masa izinin sayar da Cadillac a 2009. Kevin Hern, wanda ya yi arzikinsa da gidajen McDonald's a Okalahoma, ya ci zaɓe a 2018. Bernie Moreno, tsohon dillalin motoci, ya kayar da Sanata Sherrod Brown a jihar Ohayo a 2024. Waɗannan uku 'yan Rifablikan ne. A ɓangaren Dimokurat akwai Don Beyer na jihar Bajiniya, wanda ya fito daga gidan dillalan Volvo, ya ci zaɓe a 2014.

5. Kokawa da uwar kamfani

Da farko dai, abin da ya kai masu haya ƙofar majalisa shi ne neman tsari daga iyayen gidansu. A lokacin karyewar kasuwa ta 1920 zuwa 1921, Henry Ford yana da bashi a kansa. Sai ya aika wa dillalansa motocin da ba su nema ba, ya ce su biya lakadan, wanda ya ƙi kuwa ya rasa izininsa. Dillalai suka ruga bankuna suka ci bashi, Ford ya fita kunya da kuɗinsu. Irin wannan danniya ta ci gaba shekara da shekaru, har a 1956 majalisa ta yi dokar da ta ba dillali ikon kai mai ƙera mota kotun tarayya in ya ci amanar yarjejeniya. Masu gidajen mai sun sami tasu a 1978, wadda ta hana kamfanin mai ya kori mai haya ba tare da dalili ba. Jihar Kalifoniya a 1970, da hukumar ciniki ta tarayya a 1979, suka tilasta wa iyayen kamfanoni su bayyana wa mai son shiga haya gaskiyar lamari a rubuce kafin ya sa hannu.

Har zuwa nan babu wanda zai ga laifinsu, domin mai rauni ne ya nemi kariya daga mai ƙarfi. Amma garkuwar da aka ƙera don tare sara tana iya zama katangar hana wasu shiga kasuwa. A 1971 hukumar ciniki ta tuhumi kamfanonin lemo cewa rabon yankuna da suka yi wa masu ɗura kwalba yana hana gasa, yana tsawwala farashi. Masu ɗura kwalba, waɗanda ke ko'ina a ƙasar, suka yi wa majalisa tsinke, a 1980 aka yi doka ta musamman wadda ta halatta musu rabon.

Na dillalan mota ya fi wannan. Dukkan jihohi 50 suna da dokokin da ke kare su, kuma a jihohi da yawa an hana mai ƙera mota ya sayar wa jama'a kai tsaye. Da kamfanin Tesla ya zo da motocin lantarki yana son ya sayar da kansa ba dillali, sai ya ci karo da wannan katanga. Jihar Niyu Jasi ta hana shi a 2014, ta sassauta a 2015. Jihar Mishigan ta ƙara tsaurara dokarta a 2014, sai a 2020 aka yi sulhu bayan an je kotu. A Teksas, inda 'yan siyasa suka fi kowa kirarin 'yancin kasuwa, shirin dokar da zai buɗe wa Tesla hanya ya sha faɗuwa a majalisar jihar. Dillalai suna cewa su ne ke gasa da juna don mai saye ya sami rangwame, su ne kuma ke gyara in mota ta zo da aibi. Masana tattalin arziki da yawa kuwa, har da jami'an hukumar ciniki ta tarayya, suna ganin dokokin suna ƙara wa mai saye tsada ne.

Abubuwa biyu da suka faru a jere sun nuna iyakar wannan ƙarfi. A 2009 kamfanonin Chrysler da General Motors suka durƙushe, gwamnati ta cece su da kuɗin jama'a. Chrysler ya sallami dillalai 789, General Motors ya aika wa fiye da 1,000 takardar sallama. Kafin shekarar ta ƙare majalisa ta yi dokar da ta ba waɗanda aka kora damar kai kuka gaban masu sasantawa, da yawa kuma suka koma. A 2010 kuma aka zo kafa hukumar da za ta kare masu cin bashi daga zaluncin masu ba da rance. Dillalai su ne ke shirya wa galibin masu sayen mota rance, kuma sukan ɗora nasu rabo a kan kuɗin ruwa. Shugaba Obama ya ce lalle a sa su ƙarƙashin hukumar. Ma'aikatar tsaro ma ta goyi bayansa, domin ƙananan sojoji na cikin waɗanda ake cuta. Duk da haka majalisa, wadda jam'iyyar shugaban ke da rinjaye a cikinta, ta tsame dillalai. Wanda ya kawo gyaran a Majalisar Wakilai, John Campbell na Kalifoniya, tsohon dillalin motoci ne.

6. Kokawa a kan ladan ma'aikata

A fage na biyu, mai haya da uwar kamfani sukan ajiye gabarsu su haɗa kai. Mafi ƙarancin lada na tarayya ya tsaya a dala 7.25 a awa tun 2009. A watan Nuwamba na 2012 ma'aikatan gidajen abinci a birnin Niyu Yok suka yi yajin aiki suna neman dala 15, da goyon bayan babbar ƙungiyar ƙwadago ta SEIU, abin kuma ya bazu.

A 2014 birnin Siyatil ya amince da dala 15, amma ya ba ƙananan 'yan kasuwa ƙarin shekaru kafin su kai adadin. Sai tambaya ta taso: mai gidan McDonald's guda ɗaya, ƙarami ne ko babba? Birnin ya ce babba ne, tunda yana cin moriyar suna da talla da sarin kaya na kamfani mai dubban ma'aikata. IFA ta kai ƙara, ta faɗi a kotun farko da ta ɗaukaka ƙara a 2015, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron maganar a 2016.

Babbar rigimar ita ce ta wane ne ubangidan ma'aikaci. Ƙungiyoyin ƙwadago suna cewa, tunda uwar kamfani ce ke tsara kusan kome, to ita ma ubangida ce, a zauna da ita a yi cinikin lada, a kuma kama ta in an karya doka. In ba haka ba, sai an bi dubban masu haya ɗaya bayan ɗaya, abin da ba zai yiwu ba. A 2014 babban lauyan hukumar ƙwadago ta ƙasa ya ɗauki wannan ra'ayi game da McDonald's, a 2015 kuma hukumar ta faɗaɗa ma'anar ubangida. Iyayen kamfanoni ne wannan hukunci ya fi yi wa barazana, amma ba shugabanninsu aka tura gaban kwamitocin majalisa ba. Masu haya aka gabatar, mata da tsofaffin sojoji da baƙin haure da suka fara daga wankin kwano, suna cewa za a mayar da su manajoji a cikin shagonsu. Tsoron nasu kuwa ba na ƙarya ba ne. A 2017 Majalisar Wakilai ta zartar da shirin dokar da aka yi wa suna da ceton kasuwancin gida, amma ya maƙale a Majalisar Dattijai. Hukumar ta tsuke ma'anar a 2020 zamanin Trump, ta sake faɗaɗa ta a 2023 zamanin Biden, wani alƙalin tarayya a Teksas kuma ya soke wannan a watan Maris na 2024.

Abin da ya faru a Kalifoniya ya fi kowane tona asirin wannan ƙawance. A watan Satumba na 2022 Gwamna Newsom ya sa hannu a dokar da ta kafa majalisar da za ta iya kai ladan ma'aikatan gidajen abinci har dala 22. Nan da nan aka kafa wata gamayya da sunan ceton gidajen abinci na unguwa, ta tara sa hannun mutum kimanin miliyan ɗaya don a kai dokar ƙuri'ar raba gardama, dokar ta tsaya cik. Cikin manyan masu zuba kuɗi a gamayyar akwai Chipotle da In-N-Out, waɗanda su ke riƙe da gidajensu da kansu. 'Yan ƙwadago suka mayar da martani da wani shirin doka wanda zai ɗora wa uwar kamfani alhakin laifin mai haya. A watan Satumba na 2023 aka yi sulhu: a janye ƙuri'ar, a janye maganar alhaki, lada kuma ya zama dala 20 daga 1 ga Afrilu 2024 a kamfanonin da ke da gidaje 60 ko fiye a ƙasar.

To, a duba rabon. Uwar kamfani ta kuɓuta daga alhaki. Ƙarin lada kuwa daga aljihun mai haya zai fito. In ya ƙara farashi don ya cike giɓin, la'adar uwar kamfani ta ƙaru ke nan, tunda daga ciniki ake cire ta. Ƙungiyar masu gidajen McDonald's mai zaman kanta, wadda aka kafa a 2018, ta fito fili ta koka, ta ce sulhun zai ci wa kowane gida kimanin dala 250,000 a shekara. An yi yaƙi da sunansu, an yi sulhu a kansu.

7. Wane ne ƙaramin ɗan kasuwa?

Ya kamata a yi hattara da wannan kirari na ƙaramin ɗan kasuwa. Gaskiya ne akwai dubban masu haya da ke da shago ɗaya ko biyu, waɗanda suka jinginar da gidajensu suka shiga sana'ar. Ga baƙaƙen fatar Amurka ma, hayar suna ta zama wata ƙofar arziki da sai da aka yi gwagwarmaya kafin ta buɗe. Sai a watan Disamba na 1968, bayan tarzomar da ta biyo kisan Martin Luther King, baƙar fata na farko, Herman Petty, ya sami gidan McDonald's a Shikago. A 1969 baƙaƙen birnin Kilibilan suka ƙaurace wa gidajen kamfanin har sai an sayar wa nasu. Amma a ɗaya gefen akwai irin kamfanin Flynn, wanda a 2021 yake riƙe da gidajen abinci fiye da 2,000, da kamfanin Carrols mai gidajen Burger King fiye da 1,000 kafin a saye shi a 2024. Su ma masu haya ne. A 2020, da annobar korona ta sa gwamnati ta ware rance don 'yan kasuwa masu ma'aikata 500 ko ƙasa, sai aka sa wa gidajen abinci da masaukai sassauci, aka ce a ƙirga ma'aikatan kowane reshe daban. Ta haka manya suka sha daga rijiyar da aka haƙa don ƙanana.

8. Haɗarin tarayya a suna ɗaya

Akwai wani abu da ke taka wa masu haya birki, shi ne cewa sunan ba nasu ba ne su kaɗai. Mai saye ba ya bambanta shago da shago. A 2017 John Schnatter, wanda ya kafa Papa John's, ya tsoma baki a rigimar 'yan wasan ƙwallo masu durƙusawa don nuna adawa da zaluncin 'yan sanda. Ciniki ya faɗi, ya sauka daga muƙaminsa, masu haya da ba su ce uffan ba suka kwashi hasara. A watan Oktoba na 2023 mai hayar McDonald's a Isra'ila ya raba wa sojojin ƙasar abinci kyauta. Jama'a a ƙasashen Musulmi da dama suka ƙaurace wa kamfanin, masu haya a Saudiyya da Kuwait da Oman da Turkiyya suka yi ta shelar cewa ba ruwansu, wasu har suka yi alkawarin gudummawa ga mutanen Gaza. A watan Afrilu na 2024 uwar kamfani ta sanar cewa za ta saye gidajen Isra'ila 225 duka. A watan Oktoba na wannan shekara kuma, wani mai haya a Fensilbaniya ya buɗe wa Donald Trump gidansa ya soya dankali a gaban 'yan jarida, ana saura mako biyu zaɓe. Dole kamfanin ya fito ya ce shi ba ya goyon bayan kowane ɗan takara. Wannan shi ya sa galibin masu haya suka fi son siyasar ofis da ta asusu bisa ga siyasar dandali.

9. Kammalawa

An ga yadda masu hayar suna suka fara da neman tsari daga manyan kamfanoni, suka samu, sa'an nan suka yi amfani da wannan ƙarfi wajen tsare kasuwarsu daga baƙi da kuma tsayar da ladan ma'aikata. An ga kuma yadda manyan kamfanoni ke sa su gaba in ana neman tausayin majalisa, su bar su a baya in an zo rabon ganima. Babu laifi ɗan kasuwa ya kai kukansa ga wakilinsa, haƙƙinsa ne kamar na kowa. Inda gizo ke saƙa shi ne, mai sayen mota da yarinyar da ke soya dankali su ma suna kowace mazaɓa, sun ma fi yawa, amma ba su da ƙungiyar da za ta kwashe su zuwa Washinton kowace shekara, ba su da dala 5,000 da za su miƙa. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Saboda haka duk lokacin da aka ji ana neman wata doka da sunan ƙaramin ɗan kasuwa, akwai tambayoyi uku da ya kamata mai hankali ya yi: shaguna nawa mai maganar yake da su, wa ya biya kuɗin tallan, kuma daga aljihun wa za a cire kuɗin in dokar ta tabbata.